Ya Tsayar da Ita a Babin Farko

"Timothy, ɗago ka kalle ni."

Bai ɗago ba. Yana zaune a bencin ƙofar gidansu a Narayi, yana murza makullin babur.

Daga ofishin Dakta Usman, malaminsu na lissafi, Eunice ta taho, ko gida ba ta biya ba.

Tun bara suka ƙulla alkawari. Ita gwana ce a lissafin siffofi masu lanƙwasa, shi kuwa aljebra ce gonarsa. Gurbin karatu ɗaya ne a ƙasar waje, kuma wanda ya haɗa fannonin biyu ake nema, gwaji za a yi a fitar da shi. Suka ce kowa ya koya wa ɗan'uwansa nasa, duk wanda ya dace a yi aure su tafi tare.

Ta zazzage masa nata kaf. Shi kuwa ya ce sai ta manta abin da ta sani, ta faro aljebra daga tushe, tun daga babin farko. Mamanta ta ce yaron nan wayonsa ya yi yawa, amma Eunice ta toshe kunne.

"Dakta ya tambaye ni me ya hana ni zuwa gwajin. Na ce ban shirya ba, ina babin farko. Dariya ya yi, Timothy. Ya ce mai irin karatuna daga tsakiya yake shiga, siffofin da na sani su ne dai, riga kawai suka sake. Ya ce tuni ya ba ka saƙon nan ka kawo min."

"Bebi, saurara..."

"Ya ba ka ko bai ba ka ba?"

Ya ajiye makullin a kan bencin.

"Da kin shiga, ke za su ɗauka. Ni in bi ki a matsayin me? Mai riƙe jaka? Ai duk ɗaya ne, tunda na samu gurbin, tare za mu."

Ta ja da baya.

"Da ka roƙe ni, Allah ya sani da na bar maka. Amma ka zauna kana kallona ina fama da karatun yara, kana shafa kaina, wai sannu a hankali..."

Ta juya.

"Eunice, auren fa?"

"Je ka gaya wa Fasto dalili da bakinka. Ni kunya ba za ta bar ni ba."

Ta tsayar da keke mai ƙafa uku mai zuwa Kamazou, unguwarsu. Sai da suka sha kwana, ta tabbata ba ya hango ta, sannan ta kifa fuska a cinya.