Baƙuwar da Ta Tsaya a Ƙafa Goma

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar bakin masallaci a Kwatarkwashi ya ji Bawa mai gyaran rediyo yana cewa shi ne ya sa wa jirgin sama baki. Wani Alhaji ne a Gusau yake da ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, ya ɗauko injiniya daga Zariya don ya canza masa na'urar da ke gaya wa matuƙi nisan da ya rage masa da ƙasa in zai sauka. 'Yar akwati ce kamar sabulun wanki, ana ɗaure ta a ƙarƙashin jirgi. Tana da ido mai kallon ƙasa, tana ƙirga ƙafafun da suka rage da Turanci, da muryar Baturiya, daga hamsin har taya ta taɓa. Bawa yakan ce injiniyan ya yi gumi ya gaza, shi ya karɓi wayoyin ya haɗa. Yakan ƙara da cewa wanda ya kwanta a ƙarƙashin jirgi ba ya tsoron mutum, balle aljan.

Gaskiyar magana, farantin noti kawai ya riƙe wa injiniyan. Da aka cire tsohuwar na'urar aka ce ya jefa ta a kwali, sai ya jefa ta a aljihu.

Gidan Bawa yana da rijiya mai zurfi, matan unguwa kuwa sun mai da ita tasu. Kullum da yamma sai Inna Uwani maƙwabciyarsa ta jawo su da tuluna da surutu. Bawa ya gaji. Ya ɗaure na'urar a ƙarƙashin itacen da aka gitta sama da rijiya, idonta yana kallon ruwa, ya ɓoye batirin babur da lasifikar rediyo a cikin fasasshiyar tukunya. Lissafinsa shi ne, guga na tasowa nisa na raguwa, Baturiyar za ta kama ƙirga, mata su watse.

Ranar ta kasance Alhamis. Mata ba su zo ba, suna gidan suna. Rana ta faɗa bayan dutse, kaji sun hau, gari ya yi shirun nan na gab da kiran salla. Salma matar Bawa ta aiki ɗiyarsu Mansura ta jawo ruwan alwala. Bawa yana bayan rumbu ya gan ta, ya so ya tsai da ita, amma dariyar da ya tanada ta fi ƙarfinsa.

“Fifti,” in ji muryar. “Foti. Tati.”

Mansura ta ɗauka ɗaya daga rediyoyin ubanta ne, ta ci gaba da ja. Sai a ashirin ta gane daga bakin rijiya ake magana. Da aka ce goma ta saki igiya. Guga ya koma ƙasa, ita ma ta zube, ba ko ihu.

Bawa ya fizge wayar batirin tun kafin a ɗauke yarinyar, ya shige cikin masu salati.

Washegari da magariba duwatsu suka fara sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ma ba da son ransa yake yi ba. Mansura ta tashi zaune, idonta a rufe, ta kama ƙirga da Hausa cikin muryar tsohuwa. Hamsin. Arba'in. Talatin. Ashirin. Goma. Sai ta yi shiru, ta ja numfashi, ta koma hamsin.

Kwana tara ana haka. Yarinya ta rame, ko kunu sai an ɗura mata. Salma ta daina kuka don hawaye sun ƙare mata. An yi hayaƙi, an sha rubutu, ba a ga sauƙi ba. Bawa ya daina zuwa majalisa. Ya san inda abin ya faro, ya kuma san kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya taimakon ɗiyarsa, amma duk sanda ya buɗe baki sai ya tuna da fuskar Inna Uwani, ya rufe. Na'urar tana nan inda take, don ƙafarsa ta ƙi zuwa bakin rijiya.

Rana ta goma aka ɗauko Malam Tukur daga 'Yankuzo, dattijo marar yawan magana. Ya sa aka shimfiɗa wa Mansura tabarma a tsakar gida, unguwa ta cika gidan har zaure. Ya daɗe yana karatu, duwatsun suka tsaya. Sannan ya tambayi wanda ke jikin yarinyar ko wane ne.

Muryar ta ce ita tsohuwa ce, mazauniyar dutsen nan ce tun kafin a gina garin, ba ta taɓa shiga harkar kowa ba. Daga ziyarar jikokinta take dawowa ta sama, ga gajiya, sai ta ji ana ƙirga mata sauka kamar yadda ake yi wa jiragen Gusau. Ta ji daɗi, ta ce ashe an fara girmama tsofaffi. Ta biyo ƙirgar.

“Aka kai goma aka yi shiru, Malam. Kwana tara ina rataye, ban sama, ban ƙasa. Ɗiyag ga na kama don kada in hwaɗi.”

Malam ya ce ta ji tsoron Allah ta saki yarinya. Ta ce ita ma abin da take so ke nan. Ba ta son zakara, ba ta son turare. A ƙarasa mata ƙirgar kawai, ta taka ƙasa ta tafi gida da ƙafa. Amma wanda ya fara shi zai ƙarasa.

Malam ya dubi jama'a ya tambayi wa ya fara. Bawa ya dubi ƙasa.

“Mai riƙon farantin noti,” in ji tsohuwar. “Wanda aka ce ya sa a kwali.”

Bawa ya dubi wuyan ɗiyarsa da ya zama kamar na kaza, ya miƙe, ya tafi bakin rijiya ya jawo tukunyar a gaban kowa. Ya tsuguna da wayoyi biyu a hannu. Ranar farko ma sa'a ce ta haɗa masa su. Ya juya su, ya sake juyawa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

“Jar waya da ja, injiniya,” in ji tsohuwar, a gajiye.

Wani ya yi tari a zaure.

Bawa ya haɗa, ya zura guga, ya fara ja. Baturiyar ta kama ƙirga, tsohuwar tana bin ta da Hausa. Suka wuce goma. Biyar. Uku. Ɗaya. Mansura ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta ce, “Inna, yunwa nike ji.” Salma ta rungume ta. An ji ƙyauren baya ya buɗe, ya rufe a hankali.

Bawa yana tsaye da guga a hannu, bai san inda zai sa idonsa ba. Inna Uwani ta ratso mata, ta dire tulunta a gabansa.

“Tun da ka iya ja, Bawa, cika min. Sauran matan sun tahi ɗauko nasu.”