Bututun da Ba Ya Magana

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yana tsugune a ƙofar shagon ɗinkinta, ya miƙa wa kekenta makirufo sai ka ce ɗan jarida. Yaran layi Kunne suke ce masa, don ba shi da aiki sai naɗar sautin unguwar, tunda an ce za a rushe ta a yi titi.

"Malam, keken nan ba ya hira," in ji ta, ta kwashe da dariya. Na'urarsa kuwa tana ɗauka.

Daga nan fa kullum sai ya zo, wai ƙarar almakashi bai fita da kyau ba. Har magana ta kai gida.

Aikin nasa a farin ɗakin baje kolin wata mata ya shirya shi, babu komai sai dogayen bututun ƙarfe a tsaye. Ka kara kunne a wannan ka ji mai ruwa, a wancan ka ji yara suna tashi daga makaranta. Mai kemis, wanda ya daɗe yana son Auta, shi ya leƙa ya kawo wa Baba, mahaifinta, rahoto.

Baba ya kira ta, fuska ba annuri.

"An ce dariyarki tana cikin bututu, kowane ƙato ya zo ya manna kunne. Gobe ake buɗewa, zan je da ƙafata. In na ji, maganar yaron nan ta mutu."

Ita kuwa wallahi ba ta sani ba. Ta shige ɗaki ta rubuta masa a waya: "Kunne, da izinin wa ka sa ni a bututu? Ni ma ba ka tambaye ni ba."

Amsa ta shigo: "Na yi laifi, Tauraruwata. Amma mai ɗakin ta ce shi ne zuciyar aikin, in na taɓa shi ba ni ba ita."

"To ka zaɓa," ta rubuta, ta kashe wayar.

Washegari ta bi Baba, tana ta addu'a a zuci. Ɗakin ya cika. Baba ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da hularsa. Ya ji mai ruwa. Ya ji maƙwabcinsa yana tari, ya ɗan murmusa, ya sake ɗaure fuska. Sai ga na tsakiya, wanda ya fi tsawo. Auta ta runtse ido.

Baba ya kara kunne. Ya daɗe. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa.

"Kai, wannan ya lalace ne?"

Kunne ya durƙusa, mai ɗakin tana harararsa daga bakin ƙofa.

"Na cire wayar sautin, Baba. Abin da ke ciki ba nawa ba ne, ban roƙa ba na ɗauka."

"Matar can fa?"

"Ta ce daga yau in nemi wani wuri."

Baba ya mayar da hularsa. "Ka nema da wuri, don 'yata ba za ta ci ƙarar almakashi ba. Ka turo manyanka."

Auta ta rufe baki da mayafi, dariya na neman ƙwacewa.

Bayan ya samu wani ɗakin baje kolin aka ɗaura aure. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, amin.