Tabon Wuyan Auta

Auta na zaune a bakin gado tana leƙen fulastar wuyanta a madubi, surukarta ta ɗaga labule.

"Wai me likitan ya ce? Ba an yanke abin ba?"

"An yanke, Inna. Kansar fata ce, ta fi kama irinmu zabiya. Ya ce ko a yi min gashi da na'ura don kada ta dawo, ko a zuba ido ana dubawa. In gashin ne, sai mun dakata da maganar haihuwa."

Inna ta tafa hannu. "Dakata? Tun yaushe nake jiran jika! A zuba idon!"

Fitarta ke da wuya yayar Auta ta bugo waya. "Ki yi gashin! Na gani a intanet, in ta dawo ba ta da sauƙi." Maƙwabciya kuma ta rantse na'urar ƙona mutum take.

Da mijinta ya dawo daga shagon kafinta, garin katako har a gira, ya tarar da ita tana kuka.

"Kowa da tasa! Don Allah ka zaɓa min."

Ya durƙusa gabanta. "Wallahi ni ma kaina ya ɗaure. Yau ƙofar mutane na kafa a juye. Abu ɗaya na sani: ke na aura, ba jikan Inna ba."

Ya lallaɓa Inna, suka koma asibiti su uku. Likita ya sake bayani tiryan-tiryan: gashi zai rage haɗarin, amma akwai wahala, kuma ba ya alkawari. Auta ta ƙara rikicewa.

Inna ta gyara zama. "Likita, bar dogon turanci. In 'yarka ce fa?"

"Da na so a yi. Amma wuyanta ne, Inna."

Auta ta dubi mijinta, ya riƙe hannunta.

"Tsoro nake ji," ta ce, "amma zan yi."

Inna ta ɗaure fuska har gida. Ranar farko ta gashin kuwa, sai ga ta a ƙofa da ƙatuwar lema.

"Taso, 'yar nan. Kada rana ta taɓa min ke."

An sha wuya, fata ta saɓule, an yi kuka. Watanni suka shuɗe, sakamakon gwaji ya fito tas, Inna ta riga kowa rungume ta.

Mai ƙaunarka ba lallai ya san amsa ba. Haƙuri yake ya tsaya kusa, har ka samo taka.