Lamba a Tafin Hannu

Ƙarfe tara da 'yan mintoci wani tsoho ya shigo caji ofis na babbar tashar bas, hannunsa na hagu a dunƙule kamar ya kama fara. Ya gaida kofur, ya gaida mai goge ƙasa, ya gaida har wanda ke tsare a bayan kanta, sannan ya tsaya gaban teburin Sufeto ya ce jakarsa ta ɓata.

Sufeto ya nuna masa benci. Ya sha ganin irinsu. Birni ba ya tausayin baƙo, mutanen yanzu kuma sun fi birnin rashin tausayi.

Tsohon ya ce masinja ne na makarantar firamare a garinsu, shekara talatin da biyar yana ɗaukar wasiƙu kafin ya yi ritaya. An ce duk mai karɓar fansho ya zo da kansa a tantance shi, da takardunsa na asali, yau ce ranar ƙarshe, ƙarfe huɗu za a rufe. Wanda bai bayyana ba, za a sa sunansa cikin matattu. Takardar ɗaukarsa aiki da ta ritaya duk suna cikin jakar, tare da riga ɗaya da 'yar rediyonsa.

"Wa ka ba jakar, Baba?"

"Mai lodi na ba, Yallaɓai."

Sufeto ya rufe ido na ɗan lokaci. Bas ɗin birni ba su da mai lodi, ba su da but, ba su da kwandasta. Kati ake ɗorawa a na'ura ta yi ƙara, mutum ya zauna da kayansa a cinya. Tsohon bai san haka ba. A tashar garinsu duk wanda ya tsaya a ƙofar mota shi ake miƙa wa kaya, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata ba. 'Yar ƙanwarsa da ya sauka wurinta ta yi masa bayani da asuba tana sauri za ta tafi aiki, ya ce ya gane don kada ya makarar da ita.

Da aka tambaye shi kamannin mutumin, ya ce riga mai ƙyalli yake sanye da ita, irin ta ma'aikata. Fuska kuwa bai duba ba. Ya shiga bas, ta wuce ofishin fansho da shi yana ta cewa direba ya tsaya, ba wanda ya gaya masa ƙararrawa ake dannawa. Sai da ta zagayo ta dawo da shi tasha ya sauka ya nemi but, ya rasa.

Ya laluba aljihu da hannun dama ya fito da 'yar takarda, ya ce shaidar kaya ce mai lodin ya ba shi. Lamba ce, talatin da bakwai, da koren biro, an ja wa bakwai ɗin layi a tsakiya. Sufeto ya juya ta. Ragowar takardar injin rasit ce.

Direban bas mai lamba sha bakwai, wadda tsohon ya shiga, yana cin abinci a inuwar motarsa. Ya rantse bai ga kowa a ƙofa ba, shi gabansa yake kallo. Sufeto ya tsaya a kansa ya kafe shi da ido. Sannan direban ya yarda cewa masu riga mai ƙyalli a tashar sun fi ashirin, masu shara ne, kuma ba yau aka fara karɓe kayan baƙi ba. Ya ce yana da iyali, ba ya son shiga maganar da ba tasa ba.

"Wa ka gaya wa inda za ka, Baba?" Sufeto ya tambaya suna komawa.

Tsohon ya fara lissafi: mai gadin ƙofa, wata mata mai goyo, mai wankin takalmi, wasu ɗalibai biyu. Kowa ya gaisar sai ya faɗa masa daga inda ya fito da abin da ya kawo shi. Haka ake yi, in ji shi, in ba haka ba ai mutum ya zama dabba.

Sufeto ya dubi agogo. Sha ɗaya saura. Kyamarar da ke saman layin ta mutu tun bara, ya rubuta rahoto sau uku ba a gyara ba. Ba shi da fuska, ba shi da suna, mutane kuwa na kwarara ta kowace ƙofa kamar ruwan kwata. Ya ji kunyar kakin da ke jikinsa.

A nan ne idonsa ya koma kan hannun da ke dunƙule. Ya ce tsohon ya buɗe. Ya buɗe a hankali, yana tsoron gumi ya goge abin. Sha bakwai ce a tafin, da koren biro, bakwai ɗin da layi a tsakiya. Ya ce mai sayar da kati ne ya rubuta masa don kada ya manta motar, yaron kirki, har Baba ya kira shi.

Mai sayar da katin yana zaune a bayan gilashi, fes da shi, yana murmushi. Ya ce mutum dubu yake sallama kafin azahar, bai tuna wannan tsohon ba. Rubutu a hannun mutane kuma ba aikinsa ba ne. Sufeto ya yi masa godiya ya tafi. Bai yi nisa ba. Ya aro rigar mai wankin takalmi ya rufe kakinsa, ya zauna a kan akwatinsa, ya ajiye kofur a bayan wani ginshiƙi.

Minti arba'in suka yi. Wata dattijuwa ta zo taga da ƙullin kaya a ka, ta gaisar, ta daɗe tana bayani. Hannu ya fito ta ƙarƙashin gilashi, ya kama nata, ya yi rubutu. Ta nufi layi da hannu a dunƙule tana leƙawa lokaci-lokaci. Wani mai shara da ke can gefe ya jingine tsintsiyarsa, ya je ya tsaya a ƙofar bas, ya miƙa hannu biyu. Ta sauke masa ƙullin tana sa masa albarka.

Kofur ya riƙe shi a wuyan riga kafin ya yi taku biyar.

A ofis mai sharar bai wahalar da kowa ba. Ya ce ƙanin matar mai kati ne. Mai katin ke yanko masa takardun shaida ya rubuta lambobi. Duk wanda aka gani yana tafiya da hannu a dunƙule, baƙo ne, an riga an yi masa alama. Da aka ajiye koren biron da takardar da tafin tsohon a jere, mai kati ya daina murmushi.

"Su suke miƙowa da kansu," ya ce a hankali. "Ban taɓa ƙwace na kowa ba."

"Ina takardun?" Sufeto ya ce.

Rediyon da rigar suna cikin lokar mai shara. Takardu kuwa ba su da masaya, ya zuba su a kwandon shara, motar bola ta kwashe tun ƙarfe goma. Sufeto ya buga waya wuri uku. Aka ce motocin sun fi hamsin, juji kuma yana bayan gari, ana turawa da katafila.

Aka sa musu ankwa, kofur ya tasa ƙeyarsu. Da za su wuce, tsohon ya janye ƙafafunsa ya ba su hanya.

Sufeto ya rubuta takardar shaidar sata, ya buga hatimi, ya sa hannu. Ya san masu tantancewa takardun asali kawai suke karɓa. Bai ɓoye wa tsohon ba, ya ce ya gwada kawai, ko Allah zai sa ya dace da mai imani. Ya raka shi layi, ya nuna masa inda ake ɗora kati da jan maɓallin da ake dannawa, ya ce ya ƙirga tsayawa shida. Tsohon yana ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ya yi wa 'yar ƙanwarsa da asuba.

Sai ya tambayi motar da za ta mai da shi gida in an gama. Sufeto ya ce arba'in da biyu, ya yago takarda zai rubuta.

Tsohon ya girgiza kai, ya goge hannunsa na dama a riga, ya miƙo tafin.

"A nan za ka sa mini, Yallaɓai. Takarda ɓacewa take yi."