Fuskar Auta a Gilashi

"A tsaye! A tsaye na ce muku, kar ku kwantar da ita!"

Dogo kafinta ne ke ta ihu a bakin ƙofa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, 'yan dako biyu na kokawa da wani ƙaton kwali da ya ƙi shiga falo. Matarsa, wadda tun suna saurayi da budurwa yake kiranta Tela saboda ɗinki ne sana'arta, ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta riƙe ƙugu.

"Yallaɓai, sabuwar ƙofa ka sayo mana ne?"

"Talabijin ce, Tela, filasma! Mai shago ya ce in aka kwantar da ita gilashin tsagewa yake."

"Ta wane kamfani?"

Ya duƙa zai karanta sunan, harshensa ya sarƙe. "Ke dai bari, mai araha ce. Hoto za mu kalla ko suna?"

Hoto kam tana da shi, ba ƙarya, garau. Sai dai in ta yi awa guda a kunne bayanta ɗaukar zafi yake kamar dutsen guga, ga wani zuuu da take yi sai ka rantse ƙudan zuma ne ya shige ciki. Ko a jikinsu. Dogo ya ƙera mata teburi da hannunsa, kullum in sun dawo aiki sai su baje a kushin ɗaya suna faɗan rimot. Ranar hutu kuwa Auta, ƙanen Dogo, kan taho kallon ƙwallo, ya cika gidan da surutu, ya sha mai a tukunyar Tela yana cewa, "Sori Anti, hannunki ne ya yi laifi."

Ana zaune ƙalau, wata safiya babbar mota ta bi ta kan babur ɗin Auta a hanyar zuwa aiki. Ko asibiti bai kai ba.

Mama, mahaifiyarsu, dama da Auta take zaune tun rasuwar mijinta, don haka aka kwaso ta zuwa gidan Dogo. Ba ta ci, ba ta magana. Hotunansa na takarda ma ba su yi mata amfani ba, idanunta sun yi rauni, dishi-dishi take gani. Rannan wani abokin Auta ya kawo filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, mai ɗauke da bidiyon ranar da suka gama makaranta. Tela ta sa a talabijin. Can cikin hayaniya wani ya kira Auta, ya waiwayo yana dariya, fuskarsa ta cika gilashin.

"Tsaya! Tsayar min da shi nan, 'yata!"

Tela ta danna, hoton ya tsaya cak. Mama ta ja jiki har gaban talabijin, ta ɗora tafin hannunta a kumatunsa.

"Da ɗuminsa," in ji ta. "Wallahi da ɗuminsa!"

Zafin inji ne, Tela ta sani sarai, amma wane marar imani ne zai faɗa? Ranar Mama ta ci abinci. Daga nan abin ya zama aikin kullum, kafin Tela ta tafi shago sai ta tsayar mata da hoton a daidai wurin, Mama ta wuni tana yi masa hira, tana yi masa faɗan gudu da babur. Kafin Dogo ya dawo an kashe.

Wata yamma, bayan an kwana biyu, Dogo ya daure ya ɗauki rimot ya kunna ƙwallo, karo na farko tun rasuwar. Ga koren fili, ga 'yan wasa na gudu, ga kuma Auta a kansu, inuwar fuskarsa shimfiɗe a gilashin, yana dariya. Ya canza tasha, mai karanta labarai ya bayyana da idanun Auta a goshinsa. Ya sake canzawa, yana nan. Rimot ɗin ya suɓuce masa.

"Innalillahi! Tela, mene ne wannan?"

Mama kuwa hannu ta ɗaga sama, hawaye na zuba. "Alhamdulillahi! Yarona ya ƙi tafiya!"

Tun daga ranar Dogo ya yi hannun riga da falonsa. Ta ƙofar baya yake shiga, ta nan yake fita. Sai ya koma cin abinci a wurin aiki, ya zauna cikin garin katako yana ta goge kujerar da tuni ta yi sumul, don dai kar ya koma gida da wuri. Hira ta mutu tsakaninsa da matarsa. Wata safiya yana ɗaura takalmi, Tela ta tsuguna a gabansa.

"Laifin me na yi maka? Ka faɗa min, na gaji da kwana da baƙo."

"Ke kika riƙa tsayar wa Mama da hoton." Ya kau da kai. "Ba zan iya ba, Tela. Ni na saya masa babur ɗin nan. Duk inda na juya yana yi min dariya. Ki fitar min da fuskar nan daga gidana, ko ta wace hanya. Na roƙe ki!"

"Mama fa?"

"Ki dai yi dabara."

Ka ji namiji! Ya ɗora mata dutse a ka, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fice.

Shagon mai gyara cike yake da matattun talabijin an jibge su har rufi, ga warin dalma ya turnuƙe. Ya saurare ta yana girgiza kai.

"Madam, haka filasma take. In hoto ɗaya ya daɗe a tsaye, ƙonewa yake a jikin gilashin. Ba a wanke shi, ba a canza shi."

"Ba wata dabara ko kaɗan?"

"Akwai ta gwaji. Ki bar ta a kan farin hoto fes, ta daɗe a kunne, wani lokacin inuwar takan dushe. Amma ki sa mata fanka, masu arahar nan ba sa jure zafi."

Ba ta da wani filas sai na Auta, a ciki ya zuba mata farin hoton.

Dama ta samu da Yaya, babbar yayar su Dogo, ta ɗauki Mama zuwa gidanta don ganin likitan hawan jini. Tela ta tsaya gaban talabijin. "Ka yafe min, Auta," ta ce, ta kunna farin hoton, ta saita fanka a bayanta. A ranta ta ce in fuskar ta dushe sannu a hankali, Mama za ta ɗauka yaron ne ya yi mata sallama, ga kuma bidiyon nan in kewa ta taso. Washegari kamar ta ɗan dushe, sai ta ƙara barin ta ta tafi shago. Da ta dawo tun daga ƙofa warin ƙonanniyar roba ya tare ta. Gilashin ya yi baƙi ƙirin, bayan talabijin ya narke, filas ɗin da ke maƙale a jiki ya lanƙwashe kamar alawa a rana. Ta kira abokin Auta tana kuka, ya ce ai wayar da ya ɗauki bidiyon da ita tuni aka sace.

Da Mama ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi falo. Ta shafa gilashin, ta ji shi sanyi ƙalau.

"Ina yarona?"

Tela ta durƙusa ta faɗi abin da ta yi, ba ta ɓoye komai ba sai abu ɗaya. Mama ta daɗe tana kallonta.

"Mota ta kashe shi sau ɗaya. Ke kin ƙara."

"Da izinin wa?" Yaya ta daka tsawa. "Da izinin wa, baƙar muguwa? Don kin rasa kallon fim? Kai Dogo, ka san da wannan?"

Tela ta ɗago ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take jira. Shi kuwa yatsun ƙafarsa ya ƙura wa ido.

"Ni... ina wurin aiki."

"To ka sake ta! Yanzun nan!"

Bai sake ta ba, bai kuma kare ta ba. Cewa ya yi, "Je ki gida tukun, ƙura ta lafa." Haka ta haɗa 'yan kayanta tana kuka kamar ranta zai fita, ba wanda ya ce mata sannu.

Ba a jima ba ɓarin jikin Mama ya shanye. Yaya ta yi jinyar 'yan kwanaki ta ce aikinta da yaranta ba za su bar ta ba. Sai ga Dogo a shagon ɗinki, ya rame, ya tsaya tsakanin yadukan da ke rataye yana murza hula. Tela ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba.

"Ki dawo, don Allah. Ba ni da kowa."

"Ka faɗa mata?"

"Zan faɗa. Likita ya ce kar a tayar mata da hankali. Ta ɗan ji sauƙi, wallahi zan faɗa."

Ta koma. Kar ka tambaye ni dalili, son shi take, kuma tsohuwar nan ta taɓa kiranta 'yata. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta kar bayanta ya yi gyambo, ita ke wanke zannuwan da ta ɓata. Mama takan karɓi abinci daga hannunta, amma fuskarta na kallon bango. Ba ta ƙara kiranta da komai ba. In tana son ruwa sai ta ce wa iska, "A ce wa matar gidan nan ƙishi nake ji."

Ƙanwar Tela ta zo dubiya, ta ga abin da idonta, ta ja ta kicin.

"Haba Anti! Wannan ai bauta ce. Ki buɗe baki ki faɗa mata shi ya sa ki mana!"

"Ɗa namiji ɗaya ya rage mata. In ta ji daga bakina, na raba ta da shi ke nan, ta tashi ba ko ɗaya. In ta ji daga bakinsa yana kuka, uwa ce, za ta yafe mana mu biyun."

"In bai faɗa ba fa?"

Tela ta ci gaba da matse tsumma.

Sau da yawa Dogo kan zo har bakin gadon, ya zauna, ya ce, "Mama..." Ta juyo da ido ta ce, "Na'am, ɗan albarka, kai kaɗai ka rage min a maza." Shi ke nan, sai ya tambaye ta jiki ya tashi. In Tela ta tare shi a tsakar gida, amsar ɗaya ce: gobe.

Wani hantsi Tela na ba ta ruwa a cokali, Mama ta ja dogon numfashi, ta kira sunan Auta, kanta ya langaɓe a hannun matar da ta ƙi kallo.

Masu ta'aziyya ba su gama watsewa ba Yaya ta miƙe a tsakiyar dangi ta nuna Tela da yatsa.

"To, an gama. Ta kashe ƙanenmu a idon uwarmu, baƙin ciki ya kashe uwar. Ta kwashe tsummokaranta ta bar mana gida!"

"Yaya, ya isa!"

Dogo ne, ya miƙe tsaye.

"Ni na sa ta. Ni na ce ta fitar min da fuskar ko ta wace hanya. Na kasa kallon ƙanena, na kasa faɗa wa Mama, na ɓuya a bayan matata. Duk abin da kuka zage ta da shi, nawa ne. Ta riƙe min asiri, ta yi wa uwata abin da mu da ta haifa muka kasa!"

Yaya ta sulale ta zauna, ta rufe fuska da mayafi. Can ta rarrafo ta kama hannun Tela tana kuka. "Ki yafe min, ƙanwata. Na cuce ki." Dangi suka shiga sa mata albarka, masu zaginta jiya su ne masu yabonta yau.

Dogo ya durƙusa a gabanta, gaban kowa. "Na faɗa, Tela. Kin ji na faɗa."

Ta dube shi, idanunta sun bushe, kukan ma ya ƙare.

"Na ji, na kuma gode. Amma ba su nake so su ji ba. Wadda nake so ta ji, kun kai ta makwancinta ɗazu."

Ba ta bar shi ba. Haƙurinta ya wanke sunanta, ya kuma tsare mata aurenta, har gobe dangin Dogo ba su da abin alfahari kamar ta. Sai dai kai mai karatu, in wani ya ɗauki laifinka don yana son ka, to ka sauke masa tun kunnen da ya kamata ya ji yana ji. Dogo ya faɗi gaskiya, amma ya makara. Mama ta tafi tana ƙin wadda ta fi kowa ƙaunarta, kuma duk haƙurin duniya ba zai gyara wannan ba.