Tambaya ta Sha Bakwai

"A gidan nan," in ji Baba, "tun daga kan kakan kakana, ba a taɓa samun wanda ya tsaya gaban alƙali ba. Ko da ba da shaida ce."

Ya faɗi haka ne ranar Asabar da hantsi, yana kishingiɗe a kujerarsa ta falo, jan biro a aljihun gaba. Shekara ashirin ya yi yana hedimasta, yau shekara shida da ritayarsa, amma har yanzu babu takardar da ke fita daga gidan sai ta bi ta ƙarƙashin biron nan. Ko jerin cefane Umma ta rubuta, sai ya duba ya sa hannu.

Yaya, babbar 'yarsa da ke aure a ƙasar waje, ta haihu bayan shekara tara ana jira. Ta aiko da takardar gayyata ta mutum huɗu: Baba, Umma, Auta da mijinta. Bizar ziyara, mako uku. Auta ce mai kwamfuta, don haka ita aka ɗora wa cike fom, tana karanto tambayoyin Baba na amsawa kamar mai ba da lacca. Tambaya ta sha bakwai ce ta jawo tarihin kakanni: shin kotu ta taɓa samunka da laifi, a ko'ina, ko da shekara nawa ne da suka wuce?

"Ki sa A'a, gida huɗu," in ji Baba. "Ki bugo su a takarda ki kawo mini Asabar mai zuwa in duba."

Auta ta ce to.

Ta sami mijinta a shago, tsugune gaban wani firji da aka kwance wa baya. Injiniya ake ce masa duk layin, duk da bai taɓa ganin ƙofar jami'a ba, abin da Baba ya yafe masa da ƙyar.

Yana ɗan shekara sha tara ya sayi waya a hannun wani aboki, da arahar da ta isa ta sa mai hankali ya yi tambaya. Bai yi ba. Ashe ta sata ce, wata huɗu ya yi a gidan yari. Ya gaya wa Auta tun kafin ya ce yana sonta. Baba kuwa ba a gaya masa ba, saboda kowa na son zaman lafiya.

"A'a zan sa maka," ta ce, ko zama ba ta yi ba.

"E za ki sa, gimbiya."

"Shekara goma sha uku fa! Wa zai tono?"

"Yatsuna. A gidan yari an ɗauki zanensu, wajen biza ma za a ɗauka."

"Ba lallai su duba ba..."

"In suka duba fa? Su ce ƙarya muka yi, su hana mu duka. Baba ya rasa ganin jikansa saboda ni. Wannan ya fi miki?"

"To kada ka je! Ka ce aiki ya riƙe ka."

Ya ajiye sukundireba, ya goge hannu da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Bara an yi bikin abokiyarki a can, na ce aiki. Kafin nan kin samo mana hutu mai araha, na ce aiki. Auta, firji nake gyarawa, ba ƙasa nake mulki ba. Har yaushe?"

"Kai ba ka san Baba ba ne!"

"Na san shi. Shekara huɗu ina durƙusa masa yana gyara mini gaisuwa."

"Dariya ma kake yi? Ni nake tsakiya! In na bi ka na tozarta shi, in na bi shi na..."

"Kin ɓoye ni," ya ƙarasa mata. "Ki faɗa, ba zagi ba ne."

Ta fashe da kuka, irin na haushi, wanda ba ya son lallashi. Ya miƙa mata tsumman, ya ga baƙin mai, ya janye.

"Ba zan tilasta miki ba, abar ƙaunata. Kwamfutar a hannunki take. Amma ranar da na aure ki ban yi miki ƙarya ba, ba kuma zan fara yi wa baƙi don in burge surukina ba."

Kwana shida suna kwana a ɗaki ɗaya kamar fasinjojin da mota ta haɗa. Ran na bakwai da safe ta danna E, ta bugo takardar da ya rubuta ta bayani da kwafin hukuncin kotu, ta haɗa su da ƙusa, ta ce ya sa riga mai kyau.

Baba ya fara da nasa fom, ya same shi babu aibi. Ya duba na Auta, ya ja layi ƙarƙashin lambar gida. Ya ɗauki na Injiniya. Biron ya sauko shafi na ɗaya, na biyu, ya tsaya cak.

"Auta, kin yi kuskure a nan."

"Ba kuskure ba ne, Baba."

Ya karanta takardar bayanin har ƙarshe, ya cire tabarau, ya sake sawa ya karanta, ko za ta canza ra'ayi.

"Ɗan fursuna!" Muryarsa ta cika falon. "Ɗan fursuna na ɗauki 'yata na ba! Shekara huɗu yana cin abinci a kwanona!"

"Baba, kuskuren ƙuruciya ne, na kuma..."

"Kai, rufe mini baki! Ke kuma kin sani?"

"Na sani, Baba. Tun kafin aure."

"Madalla! Sunana ba zai shiga ambulan ɗaya da wannan takarda ba. Ko ki cire shi, ko ki cire kanki tare da shi. Ki zaɓa yanzu!"

Auta ta dubi mijinta. Kansa a ƙasa, hannayensa a kan gwiwa, bakin faratansa da ɗan baƙin da sabulu bai taɓa cin nasara a kansa ba. Ta matsa kusa da shi a kan tabarma har kafaɗarsu ta haɗu.

"To a cire mu, Baba."

Umma ce ta shigo da tiren shayi. Ta ajiye, ta zuba wa Baba, ta sa masa sukari cokali ɗaya da rabi kamar kullum. Sannan ta ce, kamar mai tambayar ko a ƙara madara:

"Malam, saura nawa fom ɗin fa. Ba ka duba ba. In ka zo ta sha bakwai ɗin, ka gaya wa yarinyar abin da za ta sa mini."

Baba ya ɗauki shayin ya kurɓa da zafinsa, bai ko yi tsaki ba. Can ya jawo fom ɗin Injiniya, ya daɗe yana kallonsa, ya sa ɗan ƙaramin maki a gefe.

"Takardar bayanin ta yi tsawo," ya ce. "A rage sakin layi na biyu."

Ya tashi ya shige ɗaki, ya bar fom ɗin Umma a kife a kan tebur.

A kicin Auta ta tsare ta.

"Umma, mene ne wannan?"

Umma ta ci gaba da ɗauraye kofuna.

"Kina ciki lokacin. Saura mako biyu a ba shi hedimasta. Ya bugi wani mai tura baro da mota, ƙafar mutumin ta karye, lasisinsa kuma ya ƙare tun bara. Ni nawa da rai. Kafin jama'a su taru muka canza kujera."

"Umma!"

"Tukin ganganci aka rubuta. Tara, da gargaɗi. Shi yana mota a waje yana jirana, don haka gaskiyarsa ce, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba."

"Kuma kike zaune yana..."

"Miƙo mini tawul."

Bayan mako bakwai biza ta fito, ta mutum uku. Ofishin jakadancin ya kira Injiniya, aka yi masa tambaya ta minti goma, aka buga masa hatimi. Da alama su ba su da kakan kaka da za su kare.

A bakin titi Auta ta riƙe fasfo ɗin tana kuka tana dariya.

"Ka yafe mini, nawa. Na so in ɓoye ka."

"Kin fito da ni ai. A gaban jan biro ma."

Daga nan gida ta wuce da gudu.

"Umma, an ba shi! Wata huɗu a gidan yari, an ba shi! Ke tara ce kawai, wallahi za su ba ki! Mu cike yau..."

"Su za su ba ni," in ji Umma, tana ninke 'yan rigunan jariri a akwati. "Amma sai an rubuta. In aka rubuta, yayarki za ta gani, mijinta zai gani, su tambayi yadda aka yi. Babanku ya tsufa da koyon sabon zance."

"Shekara tara kina yi mata addu'a! Jikanki ne fa!"

"Ki ɗauko mini shi a hoto. Ki sunsuna mini kansa."

Baba ya riga ya sanar wa maƙwabta cewa ciwon gwiwa ne ya hana Umma tafiya, likita ya ce zaman jirgi ba nata ba ne. Ba a san wane likita ba. Gwiwar Umma kuwa ko rana ɗaya ba ta taɓa yi mata ciwo ba.

Ranar tafiya maƙwabta suka fito sallama. Baba na gaba a mota, yana bayyana wa direba hanyar da direban ke bi kullum. Auta ta leƙo ta taga, idonta jawur.

Umma ta rako su har bakin get, tana ɗingishi, hannu ɗaya a kan gwiwa, tana amsa sannu daga kowane ɓangare. Ta tsaya tana ɗaga hannu har motar ta sha kwana.

Da maƙwabta suka watse, ta rufe get, ta miƙe sosai, ta taka lafiya lau ta koma ciki.