Kujerar Gefen Direba

Ranar da ya fara tsayawa a ƙofar shagonta, ruwan sama ne ya koro shi. Motarsa 'yar ƙarama ce, rawaya, mai ƙofa biyu, cikinta ya kusa shafar kwalta, rufinta na tamfol ya yage ta baya. Auta, mai ɗinkin kujeru da rufin motoci, ta fito da almakashi a hannu.

"Sannu da aiki, malama. Za ki iya ɗinke min wannan?"

"Zan iya. Amma wannan mota ce ko takalmin yara?"

Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya daɗe bai yi ba. Makanike ne a garejin da ke tsallaken titi, kowa Injiniya yake kiransa. Auta ta leƙa ciki don ta ga yagar, sai ta ga kujera ɗaya tak. A gefen direba babu komai sai ƙarfe tsirara da hujin noti huɗu.

"Ina ɗayar kujerar?"

"Na cire. Irin motar nan ba ta son nauyi. Da rashin nauyin take gudu, ba da girman inji ba."

Ta ɗinke rufin tsaf, ko ɗigo ba ya shiga. Duk da haka sau huɗu Injiniya ya dawo a wata guda wai yana yoyo, har da makon da ko hadari ba a yi ba. A na biyar ta ce masa ya daina ɓata wa ɗinkinta suna, ya faɗi abin da ke kawo shi. Ya faɗa, yana kallon ƙasa.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Allurata, yau na ɗaure noti ɗaya sau uku saboda tunaninki."

"To Ɗan Baƙin Mai, ka wanke hannu kafin ka taɓa waya. Ka ci abinci?"

Yadda yake kula da motar har kishi yake ba ta. Kowace safiya sai ya auna iskar taya, ya duba mai, ya kasa kunne yana sauraren inji. Amma ko sau ɗaya bai taɓa cewa zai mayar da kujerar ya ɗauke ta ba. Idan za su fita, sai dai su hau bas.

Bayan wata shida ya je gaida mahaifinta. Baba ya yi shekara talatin yana tuƙa motar asibiti kafin ya yi ritaya. Ya fito da fara'arsa, amma yana ganin motar a ƙofar gida fuskarsa ta sauya. Ya zagaya ta a hankali, ya tsaya daidai inda babu kujera.

"Na san motar nan," in ji Baba. "Shekara huɗu ke nan, a kwanar bayan gada, ana ruwa. Kai ne direban?"

"Ni ne, Baba."

"Ni na ciro ƙaninka daga wannan gefen da hannuna. Ashe ka buge ƙarfen, ka shafa fenti, ka ci gaba da hawa. Yanzu kuma 'yata kake so ka ɗora a gurbinsa? Muddin motar nan tana hannunka, kada ka ƙara taka ƙofar gidana."

Auta tana bayan labule, tiren ruwa a hannunta. Ba ta taɓa jin cewa yana da ƙane ba. Washegari da safe saƙonsa ya shigo.

"Allurata, ƙarya na yi miki. Ba don nauyi na cire ta ba. Ni da ƙanena muka tsinto motar nan a bola muka haɗa ta, shi ya fesa mata fenti da hannunsa. Ni nake tuƙi ranar, kuma gudu nake, yana ce min in rage. Idan na sayar da ita, ji zan yi kamar na sake binne shi."

Ta yi kuka har ta kasa zura zare a allura, sannan ta amsa.

"Allah ya jiƙansa. Ba zan ce ka sayar ba, don ba ni da wannan hurumin. Amma ba zan saɓa wa Baba ba. Ina sonka, ka san wannan."

Sai shiru ya biyo baya, mako uku cur. Ana cikin haka mai kantin tayoyi na bakin kasuwa, wanda ya daɗe yana rakuɓe-rakuɓe, ya samu ƙofa. Ya riƙa zuwa da ƙatuwar jif mai kujera bakwai, kuma Mama ba ta gajiya da lissafo kujerun. Mutumin kirki ne, babu abin zargi a tare da shi, sai dai zuciyar Auta ba ta ko motsi idan ya yi sallama. Baba ya ce ƙarshen wata zai ba shi amsa.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, da azahar, Auta ta ji ƙarar injin da ta sani. Ta ɗago kai. Ga motar nan an naɗe rufin, Injiniya yana tuƙi a hankali, kuma a gefensa wata mata ce zaune da baƙin tabarau, tana dariya.

Suka tsaya a gareji suka shiga ofis. Auta ta tsallaka titi ba ta ko duba hanya ba. Kujerar ta dawo, an lulluɓe ta da sabuwar baƙar leda. Ta shafa ɗinkin da yatsa. Ya karkace a kafaɗa, zaren ma ba mai kyau ba ne, aikin wani shago ne can. Wannan ya fi ganin matar yi mata ciwo. Ta ciro waya ta rubuta masa saƙo.

"Na ga kujera ta dawo. Na ga mai zama a kai. Na ga ɗinkin da ba nawa ba. Allah ya sanya alheri."

Tana turawa ta kashe wayar. Da ta koma gida ta ce wa Baba ta amince da mai tayoyi. Baba ya daɗe yana kallonta, ya ce ta bari sai gobe.

Da hantsi aka yi sallama. Injiniya ne, a ƙafa ya zo, takalminsa duk taɓo, da takarda a hannu da wani ƙunshi a hammata. Ya durƙusa ya miƙa wa Baba takardar.

"Na sayar, Baba. Matar da Auta ta gani ita ta saya, likitar haƙori ce. Ta ce ba za ta karɓa ba sai da kujera biyu."

Auta ta fito, idonta a kumbure. "To me ya hana ka kawo min? Shagona yana gaban hancinka, ka ɗauka ka kai wa wani?"

Ya kwance ƙunshin. Tsohuwar rigar kujerar ce, ta bushe ta ƙandare, da baƙin tabo tun daga wuya har mazauni.

"Shekara huɗu tana sito, ban iya buɗe ta ba. Ban so hannunki ya taɓa wannan ba, Allurata. Ban so ki riƙa ganinsa duk lokacin da kika kalle ni."

Ta tsuguna ta ɗora tafin hannunta a kan tabon. "Kai wawa ne wallahi," ta ce. "In zan aure ka, ai wannan ma nawa ne. Da ka kawo min mun farke ta tare."

Baba ya ninke takardar. "Ka gaya wa matar cewa bayan motar yana zamewa idan titi ya jiƙe?"

"Na gaya mata komai, har da wanda ya rasu a ciki. Na sa mata sababbin tayoyi huɗu kafin na ba ta makulli."

Baba ya cire tabaransa ya goge. "Akwai abin da na riƙe tun ranar, don ban san inda zan same ka ba, da na same ka kuma fushi ya hana ni faɗa. Ƙaninka bai cika nan take ba. Sai da muka yi nisa a hanya. Abu ɗaya yake ta tambaya: 'Yayana bai ji ciwo ba ko?' Na ce masa lafiyarka ƙalau. Ya ce alhamdu lillahi."

Injiniya ya kifa fuskarsa a kan tsohuwar rigar kujerar, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Babu wanda ya hana shi. Mama ma, mai lissafin kujerun jif, ta juya baya tana share ido.

"Tashi, ɗana," in ji Baba daga baya. "Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a kai su gidansu, Baba ya ƙi bai wa kowa makullin tsohuwar motarsa mai nauyi kamar tankin ruwa. Ya sa su a baya, ya ce su ɗaura bel, ya ja a hankali har masu keke suna wuce su.

Hanyar ta bi ta gada. Da suka doshi kwanar, Injiniya ya runtse ido, Auta ta kama hannunsa mai tabon baƙin mai ta riƙe gam. Baba ya ƙara rage gudu, ya dube su ta madubi.

"Allah ya jiƙan wanda ya tafi," ya ce. "Ku kuma Allah ya yi muku albarka, ya kai ku gida lafiya yau da kullum."

"Amin, Baba," in ji Auta.

Sai da suka wuce kwanar Injiniya ya buɗe ido, ya ce amin.